Tsumma da Kwat Mai Jela: Tufafin Wasan Baƙar Fuska a Amurka

A shekarar 1867 mujallar Atlantic Monthly ta Amurka ta buga labarin yadda aka ce an fara wasan da ya fi kowane wasa farin jini a ƙasar a wancan ƙarni. Wai wani Bature ɗan wasa, Thomas Dartmouth Rice, ya sauka a birnin Pittsburgh, yana da waƙa yana da rawa, amma ba shi da kayan da zai sa. Sai ya ga wani baƙar fata ɗan dako mai suna Cuff, wanda ke ɗaukar akwatunan fasinjoji daga bakin kogi zuwa masauki. Ya ja shi gidan wasa, ya sa shi ya tuɓe, ya ɗauki tsohuwar kwat ɗinsa da ta sha jiki, da takalman da faci ya cinye, da wata ƙoƙaƙƙiyar malafa, ya shafa baƙi a fuska ya hau dandamali. Cuff na tsugune a bayan labule kusan tsirara. Can sai aka ce jirgin ruwa ya iso, abokan dakonsa sun nufi bakin ruwa, abincinsa na ranar zai wuce shi. Ya yi raɗa a ba shi kayansa, ba a kula shi ba. Ya ƙara, shiru. Da abin ya ishe shi sai ya faɗo dandamali haka nan, yana roƙon rigarsa da takalmansa da hularsa, 'yan kallo kuwa suka ɓarke da dariya har wasan ya gagara ci gaba.

Masana tarihi da dama suna ɗaukar labarin a matsayin ƙagagge, don akwai ruwayoyin da suka kai abin Louisville ko Cincinnati, suka ce wani mai kula da dawaki ne Rice ya kwaikwaya. Ko ma yaya aka yi, abin da ya tsaya mini a rai shi ne an rubuta shi ne don a ji daɗi. Mutum yana tsaye ba sutura yana roƙon kayansa, wani yana tara kuɗi da su a gaban idonsa, jama'a na tafi. Duk mai son ya gane wasan da Turawa ke kira minstirel, wanda zan riƙa kira wasan baƙar fuska, to ya fara daga tufafin, domin su ke isar da saƙo tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki.

An haifi Rice a New York a 1808. A wajajen 1830 ya fara fitowa da sunan Jim Crow, a 1832 ya cika gidan wasa na Bowery a garinsu, a 1836 kuma ya tsallaka Landan inda abin ya ƙara bunƙasa. Zanen da aka riƙa sayarwa tare da takardar waƙarsa yana nan har yau: gwiwa a lanƙwashe, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙugu, wando duk maho, kwat a yage, takalmi ya buɗe baki, hula a karkace, fuska kuma tana fara'a. Wannan fara'ar tare da tsumman ita ce zancen duka. Ga bawa cikin halin da ko dabba aka gani a ciki sai a tausaya mata, amma yana tsalle yana murna.

Ita fuskar ba wuyar haɗawa gare ta ba. Akwai toshiyar kwalbar giya da ake yankowa daga ɓawon wata bishiya. Ita ake ƙonawa har ta zama gawayi, a niƙe, a kwaɓa da ruwa ko da maiƙo, a shafe fuska da wuya da kunnuwa, ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Sai a bar wani faffaɗan zobe a kewayen baki ba a shafa ba, ko a cika shi da ja ko fari, don leɓe ya ninka girmansa. A ɗora hular gashi mai cukurkuɗe, wata ma da zare a ɓoye, in an ja sai gashin ya miƙe tsaye alamar tsoro. Babu ɗan Adam mai irin wannan launi, kuma masu shafawar sun sani. Abin da suke so shi ne fuska guda ɗaya da za ta shafe bambancin da ke tsakanin miliyoyin mutane, ta yadda wanda kakanninsa suka fito daga Senegambiya da wanda nasa suka fito daga Kongo, da malami da maƙeri da uwa mai goyo, duk su koma abu ɗaya mai faɗin baki.

Bahaushe ya san tufa magana ce. Rawani mai kunne biyu ba na kowa ba ne, alkyabba ma haka. To a Amurkar bauta, wannan magana har cikin littafin doka aka sa ta. A 1735 majalisar Karolina ta Kudu ta yi dokar da ta lissafa yadukan da bawa zai iya sawa, dukkansu masu kaushi da arha, aka kuma sake jaddada ta a 1740 bayan tawayen bayi na Stono. Dokar ta ba duk wanda ya ga bawa da tufa mai kyau fiye da haka izinin ya ƙwace ta ya riƙe, sai fa barorin gida da iyayengijinsu suka yi wa kayan aiki don su fito da darajar gidan. Akwai yadin da a kasuwa sunansa ke nan, yadin bayi. Daga baya masaƙun Arewacin Amurka, a Rhode Island da Massachusetts, su suka riƙa saƙa shi. Audugar da bawa ya tsinta a Kudu takan tafi Arewa, ta dawo masa a matsayin yadi mafi muni a kasuwa.

Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta a 1838, ya lissafa rabon tufa na shekara guda a gandun da ya tashi a Maryland: riga biyu masu kaushi, wando ɗaya irinsu, 'yar kwat ɗaya, wandon sanyi ɗaya, safa ƙafa ɗaya, takalmi ƙafa ɗaya, duka kuɗinsu bai wuce dala 7 ba. Yaran da ba su isa aikin gona ba kuwa riga biyu kawai ake ba su, in sun mutu sai yawo tsirara har rabon baɗi. Booker T. Washington, wanda aka haifa bawa a Virginia a 1856, ya ba da labarin rigar da ake saƙa musu da tarkacen zaren wani tsiro mai kama da rama. Ya ce sa sabuwarta tamkar a manna wa mutum ƙaya ne a fata, abin da mu za mu kwatanta da ƙarangiya. Yayansa John yakan karɓi sabuwar rigar ya sa ta kwana da kwanaki har ta yi laushi, sannan ya miƙa wa ƙanensa. Wannan shi ne ainihin tarihin tsumman da Rice ya sa ya yi rawa. An tilasta wa mutane shi da doka da bulala, sannan aka hau dandamali aka nuna shi kamar halinsu ne, kamar su suka zaɓa.

Alhali bayin ba su taɓa sallama wa tsumma ba. Mata sukan rina yadin da baba ko da ɓawon itace, su yi ɗinkin dare don a sami abin sawa ranar Lahadi. Sanarwar cigiyar bayin da suka gudu, wadda jaridun lokacin suka cika da ita, takan lissafa kayan da mai gudun ya ɗauka, domin kowa ya san kwat mai kyau tana iya sa a ɗauki mutum ɗa ne a bar shi ya wuce. Riga tana iya zama takardar 'yanci. Wannan ne ya kawo mu ga tufa ta biyu, wadda a ganina ta fi tsumman dafi.

Ranar 4 ga Yuli, 1827, bauta ta ƙare a jihar New York. A biranen Arewa irin su New York da Philadelphia da Boston aka sami baƙar fata 'yantattu masu aski, masu dafa abinci, matuƙan jirgin ruwa, masu wa'azi, suna da coci-cocinsu da ƙungiyoyinsu, suna fita titi cikin shiga ta mutunci. Wannan ya tsone wa Turawa da yawa ido. Tun daga 1828 wani mai zane, Edward Clay, ya fara fitar da jerin zane-zanen ba'a a Philadelphia, yana nuna baƙar fata cikin kayan manya da suka wuce kima. Dandamali ya ɗauka daga nan. A 1834 waƙar Zip Coon ta fito, George Washington Dixon na cikin waɗanda suka yi suna da ita. Zip Coon ɗan birni ne, ɗan kwalisa: kwat mai jela biyu kamar ta tsattsewa, falmaran, matsattsen wando, riga mai tattara a ƙirji, doguwar hula, sarƙar agogo tana reto, da tabarau na riƙewa a hannu. Yana taƙama da ilimi, amma duk babbar kalmar da ya ɗauko sai ya karya ta.

A duba da kyau, babu ɗaya daga cikin kayan nan da ke abin dariya a jikin Bature mai kuɗi. Irinsu ake sawa a je majalisa. Abin da aka koya wa 'yan kallo su yi wa dariya shi ne haɗuwar kayan da baƙar fata, wato zanen aro ne da ba zai rufe katara ba. Telolin wasa sukan taimaka wa wannan karatu: jelar kwat ta yi tsawo har ta kusa jan ƙasa, kwalar riga ta kai kunne, taye ya yi faɗin faranti, launuka su yi ta faɗa da juna. Mutumin da ya sami 'yanci ya sayi kwat da guminsa, an riga an tanadar masa dariyar da za ta tarye shi a titi.

Kuma dariyar ba ta tsaya a dariya ba. A watan Yulin 1834 gungun Turawa suka yi kwanaki suna tarzoma a New York, suna farfasa gidajen masu neman a soke bauta da coci-cocin baƙar fata da gidajensu. A daren da suka afka gidan wasa na Bowery, cikin abubuwan da aka lallashe su da su har da fito da mawaƙi ya rera musu Zip Coon. Yawancin masu cika waɗannan gidajen wasa leburori ne da 'yan koyon sana'a, daga baya kuma baƙin haure 'yan Ailan da yunwa ta koro, mutanen da su kansu ba su da komai, suna gogayya da baƙar fata kan aikin dako da wanki. Wasan yana ba su abu ɗaya da za su riƙe, cewa komai talaucinsu akwai wanda suka fi.

Idan aka jera tufafin biyu sai a ga tarkon. Ka zauna cikin tsumma, a ce ga shi nan, haka Allah ya yi shi, kuma yana jin daɗinsa, don me za a 'yanta shi. Ka sa kwat, a ce dubi biri da kayan mutane, ga abin da 'yanci ke haifarwa. Gaba kura, baya siyaki. Ba mamaki da sunan Jim Crow ya bar dandamali ya koma kan taragon jirgin ƙasa da ake ware wa baƙar fata a Massachusetts tun farkon shekarun 1840, daga baya ya zama sunan dukkan dokokin wariya na Kudu, waɗanda kotun ƙoli ta amince da su a 1896, ba a kuma rushe su ba sai a shekarun 1960.

Douglass ya ga abin tun da wuri. A jaridarsa ta North Star a 1848 ya kira masu wasan ƙazantar al'ummar Turawa, ya ce sun saci launin da ba a halicce su da shi ba don su yi kuɗi. Amsarsa ta biyu da jikinsa ya ba da ita. Ya zauna gaban mai hoto har aka sami hotunansa kusan 160, abin da ya sa ake cewa babu Ba'amurken da aka ɗauka hoto kamarsa a ƙarnin nan. A kusan dukkansu yana cikin baƙar kwat da farar riga, shiga daidai jiki, fuska a ɗaure. Ya hana mai hoto wannan fara'ar da aka manna wa Jim Crow.

Wasan ya zama na ƙungiya a watan Fabrairun 1843, lokacin da mutum huɗu, Dan Emmett da Billy Whitlock da Dick Pelham da Frank Brower, suka fito a New York da sunan Virginia Minstrels, ɗaya da goge irin na Turawa, ɗaya da banjo, ɗaya da ƙaramin bandiri mai kacau-kacau, ɗaya da ƙasusuwan da ake kaɗawa tsakanin yatsu. Ita banjo ɗin ma kayan aro ce. Bayi ne suka ƙera ta a tsibiran Karibiyan da ƙwarya da fata, bisa tsarin kayan kiɗan Afirka ta Yamma, dangin gurmi da molo. Ƙungiyar Edwin Christy, wadda ta yi shekaru daga 1847 zuwa 1854 tana wasa a zaure guda a New York, ita ta daidaita tsarin da kowa ya bi. 'Yan wasa su zauna a rabin da'ira. A tsakiya mai gabatarwa, cikin cikakkiyar shigar manya, yana magana da nutsuwa, wani lokaci ma ba ya shafa baƙi. A gefe biyu kuma mai bandiri da mai ƙashi, su ne da kwala har kunne da wando mai ratsi-ratsi da takalman da suka fi ƙafa. Daga tsakiya zuwa gefe, tufa tana sauka daga mutunci zuwa wauta, ɗan kallo yana karanta matsayin kowa da ido. Takardun shirin wasa na lokacin sukan raba dare biyu: kashin farko a fito a matsayin 'yan kwalisar Arewa, na biyu a matsayin bayin gandun Kudu. Tufafin nan biyu dai, a dare ɗaya, a jikin mutum ɗaya.

Wasu ƙungiyoyin sun ga cewa kuɗi na wurin masu hali da iyalansu, sai suka tsabtace shigar. Ethiopian Serenaders, waɗanda suka yi wasa a fadar shugaban Amurka a 1844 suka kuma je Landan a 1846, da kwat da falmaran masu kyau suke fitowa. Fuskar dai ba ta canza ba. Wani abin lura shi ne yadda 'yan wasan suka damu ƙwarai a san cewa su Turawa ne. Akwai takardun waƙa na shekarun 1840 da ke nuna 'yan ƙungiya sau biyu, a sama cikin baƙi suna wage baki, a ƙasa da fuskokinsu na ainihi a kimtse. Wata sananniyar takardar talla ta 1900 ta nuna ɗan wasa Billy Van haka: a hagu Bature mai gyararren gashi da farar kwala, a dama shi ɗin dai da hular gashi da jan leɓe da zazzare ido. Abin da ake sayarwa shi ne tazarar da ke tsakanin hotunan biyu, da tabbacin cewa da sabulu da ruwa mutumin zai koma na hagu.

Mata kuwa maza ne ke fitowa a madadinsu, su ma kashi biyu. Akwai ƙatuwar tsohuwa mai manyan takalma da kaya barkatai, akwai kuma budurwa mai hasken fata cikin siliki da leshi. Francis Leon, wanda ya fi kowa suna a wannan fanni bayan yaƙin basasar Amurka, an rubuta cewa ya tara riguna wajen 300. Ɗankwalin da ake ɗaura wa tsohuwar shi ma yana da tarihin doka a bayansa, don a 1786 gwamnan Sifaniya a Louisiana ya umarci mata baƙar fata, har da 'yantattu, su riƙa rufe gashinsu. Matan suka mai da ɗaurin ado, dandamali ya mai da shi alamar baiwar kicin. A 1889 wani ɗan kasuwa a Missouri, Chris Rutt, ya ga ɗan wasa da ɗankwali da ƙyallen girki yana rera waƙar Aunt Jemima, ya ɗauki sunan ya sa wa garin fankensa. Hoton ya zauna a kan kwali, ana ɗan gyara shi lokaci-lokaci, har 2020 da kamfanin ya sanar da cewa zai janye shi.

Mai karatu zai iya cewa, to ai mu ma muna da tashe. Yaro yakan manna gemun auduga, ya sa tsumma, ya riƙe sanda yana tafiyar tsoho, kowa ya yi dariya ya ba da sadaka. Muna da 'yan kama, muna da wasan Fulani da Barebari. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ce ke fito da abin da ya sa wancan ya zama cin fuska. Tsohon da yaro ke kwaikwaya kakansa ne, yana zaune a zaure, yana iya rama wa, kuma yaron in ya yi rai shi ma zai tsufa. Bafulatani ya tsokani Babarbare yau, gobe a rama masa, ba wanda ya mallaki wani. A Amurka kuwa wanda ake kwaikwayon ana iya sayar da shi da 'ya'yansa, a 1860 mutum kusan miliyan 4 ke cikin wannan hali. In ma an bar shi ya shiga gidan wasan, can saman bene ake ware masa. Ba shi da dandamalin ramawa. Duk da haka ba zan ce mu wanke hannu ba. Duk lokacin da a wasan barkwancinmu shigar wata ƙabila ko ta baƙauye kaɗai ta isa a fara dariya tun mutum bai ce komai ba, ya kamata mu tambayi kanmu wa ke da bakin ramawa.

Bayan yaƙin basasa wasan ya zama babbar kasuwa. A 1878 J. H. Haverly ya haɗa ƙungiya mai mutum 40, suna shiga gari da fareti cikin dogayen kwat da dogayen huluna. Kamfanoni suka riƙa sayar da hular gashi da baƙin shafawa da littafin barkwanci ta gidan waya, makarantu da coci-coci da kulob-kulob suna shirya nasu har tsakiyar ƙarni na 20. Daga nan kayan suka rabu da wasan suka kama yawo su kaɗai. Mawaƙi Al Jolson ya sa su a fim mai magana na 1927. Mickey Mouse, ɓeran fina-finan zane, ya sami farar safar hannu a 1929. Masu zane suna da dalilinsu na aiki, don baƙin hannu ba ya fitowa a kan baƙin jiki, amma a wani fim na 1933 an nuna shi yana baƙanta fuska don ya hau dandamali, abin da ya nuna gidan da ya fito. A Ingila 'yar tsanar Golliwog ta 1895, mai jan wando da shuɗiyar kwat, daga 'yar tsanar wasan baƙar fuska aka kwaso ta, ta kuma zauna a kwalaben jam na Robertson's har farkon shekarun 2000. Talabijin na BBC ya nuna shirin mawaƙa masu baƙar fuska daga 1958 zuwa 1978, duk da takardar koke da aka kai a 1967. A 2019 kamfanin Gucci ya janye wata baƙar suwaita mai rufe baki da jan leɓe bayan an yi masa ca.

A Afirka labarin ya ɗauki wata hanya. Masu wasan baƙar fuska sun isa Cape Town a 1862, mawaƙan Orpheus McAdoo, baƙar fata daga Amurka, suka biyo baya a 1890. Jikokin bayin birnin suka ɗauki kwat mai walƙiya da hula da lema da fentin fuska suka shigar cikin bikinsu na 2 ga Janairu, ranar da ake cewa ita ce hutun bayi a da. Bikin yana nan, fuskokin yanzu launi-launi ne da ƙyalƙyali, an kuma cire tsohon sunan cin mutunci daga sunansa na hukuma, ko da yake muhawara ba ta mutu ba. A Ghana, wani malamin makaranta a Sekondi da ake kira Teacher Yalley ya fara wasa da irin wannan fenti a wajajen 1918, Bob Johnson ya gaje shi, har aka kafa Axim Trio a 1937. A can baƙar fata ne ke wasa gaban baƙar fata, ba dokar wariya irin ta Amurka a bayansu, sai mai fentin ya rikiɗe ya zama wani gizo mai wayo irin na tatsuniyar Ananse. Wannan ya ƙara nuna cewa dafin yana tattare da wanda ya sa kayan, da wanda ke kallo, da ikon da ke tsakaninsu.

Waɗanda kayan suka fi yi wa nauyi su ne baƙar fatar Amurka masu basirar wasa. Daga 1865 ƙungiyoyinsu suka fara yawaita, kuma kusan ita ce kaɗai ƙofar da aka bar musu a buɗe. Ta nan mawaƙa irin su James Bland da W. C. Handy da Ma Rainey suka bi. Sharaɗin shi ne su shigo cikin kayan da aka riga aka ɗinka, da yawansu har da shafa baƙi a kan baƙar fatarsu. Bert Williams, haifaffen Nassau a 1874, mutum ne dogo mai hasken fata, mai yawan karatu. A 1893 ya haɗu da George Walker a San Francisco, suka raba tufafin nan biyu a tsakaninsu. Williams ya ɗauki baƙin fuska da tsohuwar kwat mai gajeren hannu da ɗangalallen wando da manyan takalma. Walker ya ɗauki kwalisa, amma ya juya ta. Kayansa na gaske ne, ɗinkin ƙwararru, daidai jikinsa, ya sa su yana taku irin na rawar kek-wok, rawar da ake cewa bayi ne suka ƙirƙira suna kwaikwayon taƙamar iyayengijinsu. Ɗan kallon da ya zo yi wa Zip Coon dariya sai ya tarar da mutumin da ya fi shi iya sa kaya. A 1903 suka kai wasansu Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, suka wuce Landan har fadar Buckingham.

Walker ya rasu a 1911. Williams ya shiga babban wasan Ziegfeld a 1910, shi kaɗai baƙar fata cikin taurarin, yana jan jama'a, amma a otal sai ya hau bene ta na'urar ɗaukar kaya. Farar safar hannun nan da aka ƙirƙira don ba'a, ya mai da ita kayan gwaninta. Yana da wani wasa da ake kashe fitilu a bar haske a kan fuskarsa da hannuwansa kawai, ya yi karta shi kaɗai ba kati ba abokin wasa, ya raba, ya leƙa, ya yi fata, ya sha kaye, duk da yatsu da ido. Ya faɗi a kan dandamali a Detroit a 1922, ya rasu bayan 'yan kwanaki yana da shekara 47.

A 2014 gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya nuna wasu faya-fayan fim da aka ɗauka a 1913 ba a taɓa kammalawa ba, waɗanda suka yi shekaru da dama a ma'ajiyarsa. Williams ne jarumin, yana neman auren wata budurwa da Odessa Warren Grey ta fito a matsayinta, mace mai sana'ar ɗinkin huluna a New York. 'Yan wasa baƙar fata da yawa sun fito a ciki, mata da dogayen riguna da huluna masu gashin tsuntsu, maza da kwat daidai jiki, suna shawagi a filin biki, suna jerin rawar kek-wok, kowa da fuskar da Allah ya ba shi. Williams ne a tsakiyarsu da baƙin toshiyar kwalba a fuska, yana riƙe da hannun budurwar.